Yahweh Rafa a Bakin Kwata

Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar kwalba ta fashe a bakin kwata. Na leƙa ta taga, sai ga Auta, ɗan maƙwabcina Malam, sanye da kwat fari tas, yana zazzage ƙwayoyin maganin ubansa cikin ruwan datti. Matan majami'arsa biyu na tsaye a bayansa suna tafi.

Ko takalmi ban tsaya nema ba.

"Auta! Kanka ɗaya kuwa? Maganin zuciyar Malam ne fa!"

"Inna, Fasto ake ce mini yanzu," ya ce, bai ko ɗago ba. "Baba ba ya bukatar wannan. Yahweh Rafa ya riga ya taɓa shi."

"Fasto a gidanku! Ni na goye ka kana tsula mini fitsari a baya. Mu ma a wurinmu Allah shi ne mai warkarwa, amma ka taɓa ganin na zubar da maganin hawan jinina?"

Ya karkaɗe hannu ya shige gida. Na bi shi.

Katanga ɗaya ce ta raba ni da Malam tun muna da ƙuruciya. Shi Kirista, ni Musulma, kuma ban taɓa jin wata kalma marar daɗi daga bakinsa ba. Ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da Ibrananci a makarantar horar da fastoci, har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ciwon zuciya ya kwantar da shi. Auta kuwa ya buɗe tasa majami'ar a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, kowane wata da sunan Allah da yake bugawa a allon talla. Wannan watan na warkarwa ne, ga shi kuma da majinyaci a gida.

Malam na jingine da matashi, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya ji duk abin da aka yi.

"Zo nan, kai," ya ce wa ɗansa. "Rafa ɗin da kake ihu da ita, me take nufi?"

"Warkarwa, Baba."

"To yaya suke ce wa likita a harshen?"

Malam bai jira amsa ba.

"Rofe. Tushensu ɗaya. Daga cikin sunan da kake kira aka ciro sunan likita, kai kuma ka ɗauke shi ka kori likita da shi." Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa, ya ture. "Sunan farkon ma, wanda ke gaban Rafa, masu harshen ba sa furta shi don tsoro. In sun zo kansa sai su ce Adonai, Ubangijina, su wuce. Kai ka sa shi a lasifika kamar mai tallan maganin ɓera!"

"Ilimi ne ya toshe maka bangaskiya, Baba. Harafi kawai ka sani."

"Harafin ne ya ciyar da kai har ka yi wannan wuyan."

Ranar Lahadi Auta da mutanensa suka ciccibi Malam zuwa mota don kai shi majami'a, yana cewa su sauke shi, su kuma suna rera waƙa a kan muryarsa. An ba ni labari cewa sun tsayar da shi a gaban jama'a, mutum biyu riƙe da hammatarsa, Auta na cewa, "Ga ubana, ya rabu da ƙwaya har abada!" Da suka dawo da shi leɓunansa sun yi baƙi.

Na je kantin magani na samo wani. A bakin ƙofa ɗaya daga cikin matan nan ta tare ni, ta ce Fasto ya hana a shiga da kayan rashin bangaskiya. Na ce ta matsa ko in nuna mata nawa rashin bangaskiyar. Ta fizge ledar maganin, ta rufe ƙofa da sakata. Na yi ta dukan ƙarfen har tafin hannuna ya yi ja. Maƙwabta suka fito suna ba ni haƙuri, wai sha'anin ɗa da uba ne, bare ba ya shiga. Haƙurin nan nasu ya fi komai ƙona mini rai.

Na kira Auta a waya, bai ɗauka ba. Na je har majami'ar, aka ce yana azumi, ba ya ganin kowa.

Sai ranar babban taronsu na samu shiga, da hantsi, bayan matan sun tafi sun manta ƙofar a buɗe. Ɗakin na warin man shafawa. Malam ya zame daga kan matashi, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na tallafo shi, na kira direban da ke layinmu na ce ya zo maza mu tafi asibiti.

"Maƙwabciya," ya ce, "kin shigo?"

"Na shigo, Malam. Yi shiru, mota na zuwa."

"El Shaddai yake so ya buga wata mai zuwa. Ki gaya masa har yau malamai ba su daidaita a kan ainihin ma'anarsa ba. Shi kuwa zai ce ya sani." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fita.

"Wallahi ba zan yafe masa ba."

"Ni ma haushinsa nake ji. Ban taɓa jin haushin mutum haka ba." Ya huta. "Akwai guda ɗaya da bai taɓa bugawa ba, don ba ya tara jama'a. El Roi. Wata baiwa ce ta raɗa shi, ita kaɗai a jeji da tsohon ciki, ba mai nemanta. Allah mai ganina. Ba ta ce ya mayar da ita sarauniya ba. Ya gan ta dai."

Ya nemi in buɗe taga, na buɗe. Daga can nesa iska na kawo muryar Auta ta lasifika, yana jan sunan, jama'a na amsawa. Malam ya juyar da fuskarsa bango. Kafin direba ya yi oda a waje, hannunsa ya saki nawa.

Sai bayan azahar Auta ya iso, gumi ya jiƙe masa kwala, mutanensa na biye. Na tanadi maganganu cike da baki, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin don ya same ni.

"Inna, ina Baba?"

"Ga shi can. Ya rabu da ƙwaya har abada."

Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga hannu za ta fara addu'a da ƙarfi. Auta ya ce mata, "Fita." Suka fice duka, ni ban motsa ba.

Ya cire kwat ɗin ya yar a ƙasa, ya zauna dirshan a kan siminti kusa da gadon. Bai kira suna ko ɗaya ba. Wani ƙuda ya sauka a goshin Malam, ya sa hannu ya kore shi a hankali. Ƙudan ya dawo, ya sake korewa.