Ambulan ɗin Gwaggo

Ana tsaka da ɗaukar hotuna Yaya ta zare jiki daga zauren bikin, jaka a hammata. Ita ce babbar yayar amarya, don haka ita aka ɗora wa sallamar ma'aikata. Tun a mota mijinta ya karanta mata ƙa'idar: mai kamfanin da aka ba aikin biki ba a ba shi tukuici, ya riga ya ci ribarsa. Ma'aikatansa ake ba, kuma hannu da hannu, don in aka bi ta wurin shugaba ba lallai ya isa ba.

Ta fara da mai sa kiɗa, wanda ya karɓi ambulan ɗin kuɗinsa ko kallonta bai yi ba. Mai kwalliya ta matsa nata da yatsu biyu ta ji kaurinsa, sannan ta yi murmushi daidai kaurin. Mai gadi kuwa har ta ba shi baya yana zuba addu'a. Saura kicin.

Kicin ɗin yana can bayan zauren, zafi da tururi sun cika shi. Shugabar masu girki ta tafa hannu.

"Ku zo ku gaida yayar amarya, ta zo da alheri."

Mata suka jeru suna goge hannu a rigunan aiki. Ɗaya ce kawai ta tsaya a wurin wanke-wanke, ta ba su baya, tana ta cuɗa farantin da ya riga ya fita.

"Mama, da ke fa ake," in ji shugabar. "Sabuwa ce, kunya gare ta."

Matar ta kashe famfo ta juyo. Gwaggo ce, yayar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ce ta bugo waya tun kafin biki ta ce ciwon gwiwa ya kwantar da ita, a ba amarya haƙuri. Tun rasuwar mijinta, duk abin da Baba ya aika mata sai ta mayar, ta ce ita ba abin da ta rasa. Kujerarta na can a teburin gaba, an ɗora mata jakunkunan baƙi.

Yaya ta bi layin tana miƙawa, ana cewa an gode. Tana tafe tana lissafin abin yi. In ta tsallake Gwaggo, sauran za su tambayi dalili. In ta rusuna ta gaishe ta, ta tona mata asiri a gaban abokan aiki. Ba ta gama yanke shawara ba ta ga layin ya ƙare.

Gwaggo ta miƙo hannu biyu, jiƙaƙƙu har gwiwar hannu.

"Mun gode, Hajiya. Allah ya ba su zaman lafiya."

Yaya ta sa mata ambulan ɗin a hannu. Da sauran suka watse, Gwaggo ta koma ta buɗe famfo sosai, ta yi magana a ƙarƙashin ƙarar ruwan.

"Sai da na ga hoton yarinyar a ƙofa na san bikin wa aka kawo mu. In babanki ya ji, ni da ke ne."

"Gwaggo, ki cire rigar nan mu shiga. Ko ta ƙofar baya ne."

"Da wannan zanen? Wuce, ana jiranki." Ta ɗauki wani faranti. "Amaryar ta yi kyau?"

"Ta yi."

"To."

Yaya ta koma zaure. An fara raguwa, ma'aikata na naɗe shimfiɗun tebur. Baba ya yafito ta.

"An sallami kowa?"

"An sallama, Baba."

"Madalla. Ki sa a zuba wa gwaggonki abinci, ku biya ku kai mata in za ku wuce. Duk taron nan ita nake ta tunawa, tana can kwance ita kaɗai."

Ta ce to. Ta ɗan tsaya ko zai manta, sai ta ga yana kallonta, don haka ta sake nufar kicin.

Masu zuba abinci sun fita cin nasu. Shugabar, waya a kunne, ta nuna tukwane da haɓa.

"Mama, zuba mata."

Gwaggo ta goge hannu, ta ɗauko kula, ta buɗe tukunya.

"Na wa ne?" shugabar ta tambaya. "In na manya ne a sa mai kyau."

"Na gwaggona ne," in ji Yaya. "Ba ta da lafiya, ba ta samu zuwa ba."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin," in ji Gwaggo. Ta zuba shinkafa, ta daidaita ta da bayan cokali. Sai ta leƙa tukunyar nama, ta ture na sama gefe, ta laluɓo mai taushi daga ƙasa, ta ƙara tsoka biyu, ta rufe kular ta miƙa wa Yaya.