Rigar da Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Tun da Dogo ya faɗo daga saman rufin da yake ɗaura sola, ɗakinsu ya koma kamar gidan makokin da aka manta ba a fita da gawa ba. Likita ya ce ƙashin baya ne, ƙafafun sai dai haƙuri. Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa shi a gado, ya juya fuska bango. Mutumin da idan ya fara surutu sai an roƙe shi ya ci abinci, yanzu "to" da "bar shi" ne duk maganarsa.

Matarsa tela ce, shi kaɗai yake ce mata Madam Tela, kuma tun faɗuwar bai sake faɗa ba. Ta yi lallashi, ta yi kuka a banɗaki, ta yi fushin ƙarya. Wata rana ta ga ya fara ture kwano da bayan hannu. Ta gane ba ƙafafun kaɗai ke tafiya ba.

Tana gyara ƙasan gado ta ci karo da tsohon hannun gem ɗinsa, wanda yake zuwa da shi shagon abokinsa su yi wasan tseren mota a kwamfuta har sai ta aika a kira shi. Ta goge shi, ta ajiye gefen filo. Da ta leƙo daga kicin sai ta ga babban yatsansa yana shafa maɓallan. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayar da keken zubin adon riga da take ji da shi, ta bar na ɗinki, ta nufi layin masu kwamfuta.

Shagon da aka kwatanta mata ƙuntatacce ne, wayoyi na reto daga silin, warin dalma ya cika shi. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ɗago da sukudireba a baki.

"Hajiya, ta ofis ko ta makaranta?"

"Ta gem."

"Yaro ya ci jarrabawa ke nan."

"Maigidana ne."

Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga idonta, ya fasa. Ta nuna wata mai gilashi a gefe, fitilu na juyawa a cikinta kamar motar amarya. Da ya faɗi kuɗinta sai ta janye yatsa kamar ta taɓa wuta. Ta koma kan wata siririya ta ɗorawa a cinya, fara sol.

"Wannan 'yar gayu ce," in ji shi. "Ki sa mata tseren mota, motar tana nan tana tunani, abokan tsere sun je gida sun yi wanka."

Ya sunkuya ya jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin tebur, gefensa a lotse, da shaidar takardar da aka ɓanɓare.

"Mummuna ce, na sani. Wani ofis ne ya gaji da ita. Amma na dasa mata katin hoto, shi ne zuciyar abin. Kyau a allo ake ganinsa, ba a jikin akwati ba."

Ya kunna. Wata jar mota ta faso kan titi, ruwan sama na sheƙi a gilashinta, har Tela ta matsa baya. Suka yi ciniki, ya haɗa mata da ƙaramin allo da abin kunne na jin sauti. Tana shirin ɗauka ya buɗe mata cikin wata matacciyar kwamfuta, ƙura ta dunƙule a fankarta kamar auduga.

"Kin ga ajalinsu. Ƙura. Ki kiyaye mini ita."

Ta kalli dunƙulen, ta tuna gidanta da zare da burbushin yadi ke yawo ko'ina, ta riƙe maganar da hannu biyu.

Ta ɗora allon kan teburin gefen gado. Akwatin kuma wayarsa gajera ce, sai ta ajiye shi ƙasa can wajen ƙafar gado, kusa da soket, inda Dogo ba ya hango shi. Ranar farko ko kallo bai yi ba. Rana ta biyu ta dawo daga shago ta ji ƙugin mota tun daga tsakar gida. Ta tsaya bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ta kasa shiga.

"Matsa, malam, matsa! Titin gidanku ne?"

Muryarsa ce. Ta dushe, ta yi tsatsa, amma tasa ce. Kafin mako ya zagayo yana cinye abincinsa don kada ya huce yana tsere. Ya sa ta kira mai aski. Wata safiya ya miƙa mata hannun gem ɗin, ta tuƙa motar kai tsaye cikin teku.

"Madam Tela, wa ya ba ki lasisi?"

Ta shige kicin da gudu, ta toshe baki da gefen zane, ta yi kukan da ta jima ba ta yi irinsa ba, mai daɗi.

Daga nan baƙin akwatin ya zame mata kamar jariri. Tana share shi safe da yamma, amma kullum sai ta tarar da zare ya maƙale a ramukan jikinsa. Ita kuwa abu ɗaya ta sani a duniya: duk abin da kake so, ka yi masa sutura. Kekenta na da riga, madubinta na da riga. Ta auna akwatin da tef, tsawo da faɗi. A shago ta ciro ragowar shuɗin yadin da ta ɗinka masa rigar da ya fara zuwa gidansu da ita, ta sa soso a ciki, ta yi shafi, ta fitar da 'yan ƙofofin wayoyi daidai wa daida, ta kafa zif a baya. Ko kwastoma mai biya biyu ba ta taɓa yi wa aiki haka ba.

Da safe yana barci ta sanya wa akwatin rigarsa. Ta zauna ɗas, babu inda iska za ta shiga, balle ƙura. Ta kunna masa, ta ajiye ruwa kusa, ta fita tana murmushi, tana tanadin yadda za ta nuna masa da yamma.

Da azahar ta dawo kawo abinci. Babu ƙugin mota. Wani ƙauri ne ya tare ta a ƙofa, irin na roba da ta narke.

Dogo na ƙasa. Ya jawo jikinsa daga gado da gwiwar hannu, zanin gado ya biyo shi, ƙafafunsa sun karkace a baya kamar ba nasa ba. Haɓarsa ta fashe, jinin ya bushe. Hannunsa ɗaya na kan akwatin, ya ja zif ɗin ya kai rabi ya cije.

"Na kira ki," ya ce, a hankali. "Abin kunne ne ya hana ni jin fankar. Sai da motar ta fara tsayawa, na ji wari. Na yi ta kira."

Ta zube gabansa. Ta taɓa akwatin, har yanzu da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi.

"Ƙura aka ce mini... aka ce ƙura ce..."

Ya dubi yadin, ya shafa shi da yatsa. Ta ga ya gane shi.

"Ɗinkin ya yi kyau," ya ce.

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da ta kai wa Injiniya akwatin, bai yi tsiya ba wannan karon. Ya buɗe, ya shinshina, ya ciro katin hoton ya juya shi a haske, ya nuna mata inda ya yi baƙi.

"Ya dahu, Hajiya. Ya ja uwar allon da ke cikin akwatin ma sun tafi tare. Kwamfuta numfashi take yi ta ramukan nan, kamar ni da ke." Ya sosa ƙeya. "Ban faɗa miki ba ko? Na ɗauka kowa ya sani."

Ba ta tambaye shi kuɗin wata ba, shi ma bai faɗa ba. Keke ɗaya ya rage mata, shi ne cinsu, shi ne maganin Dogo.

Ta dawo ta tarar maƙwabtan da ta kira sun mayar da Dogo gado, an manna masa filasta a haɓa. Abincin na nan yadda ta bar shi.

"Yallaɓai, zan tara. Wallahi zan tara, ko a hankali ne."

"Bar shi."

"Ka ci ko kaɗan."

"Ɗauke allon nan. Fuskata nake gani a ciki."

Ta ɗauke, ta kifa shi bayan ƙofa. Ta ɗauko shuɗiyar rigar za ta kai bola, sai ya miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta ba shi. Ya ninke ta biyu, ya tura ƙarƙashin kumatunsa, da ƙaurinta da komai, ya juya fuska bango.

Ta zauna bakin gadon da kwano a cinya, tana jiran ya ce wani abu, har abincin ya yi sanyi.