Tarwaɗar Rijiyar Malam

Rijiyar gidanmu gaba goma sha huɗu ce. Maigidana marigayi Malam ne ya gina ta, shekarar da muka tare a Ƙofar Durbi. Shi kuma bai yarda da rijiyar da babu tarwaɗa a ciki ba, wai ita ke cinye ƙwari, ruwa ya zauna garau. In ɗaya ta mutu sai ya taho da wata daga dam ɗin Ajiwa cikin kwano. Ta ƙarshe ya zura ta da hannunsa damina biyu kafin rasuwarsa. In rana ta take nakan leƙa in ga motsinta, in ce mata sannu.

Ruwan rijiya ba a hana maƙwabci, shi ya sa tsakar gidana ba ta rabuwa da mata. Ni kuwa ina kan tabarma ina tsinkar zogale. Wadda ta ɗebi bokiti biyu takan bar mini labari ɗaya. Ban taɓa matsa wa kowa ba, tambaya ce kawai, kuma tambaya ba laifi ba ce.

Da maƙwabcinmu Alhaji Sada ya yi ritaya, sai ya haƙa bohol, ya gina kwami biyu a bayan gida, ya zuba 'ya'yan kifi. A shekarar nan shi da matarsa Zuwaira suka tafi Umra. Ɗiyarsu da ke aure a Abuja ce ta kai su, Zuwaira da bakinta ta gaya mini. To amma wannan labari ba gishiri. Da Ramla matar tela ta tambaye ni tana jan guga, sai na ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Kifi ne ya kai su."

Kwana huɗu labarin ya dawo mini ta bakin wata, an ƙara masa mota da fili a Batagarawa. Na ce Allah ya ƙara arziki.

Kafin shekara ta zagayo gida shida a layinmu sun shiga kiwon kifi. Mai kwamin siminti, mai na tamfol, har tela ya sayar da keken ɗinki ɗaya. Kowa da bohol ɗinsa, kowa kuma bayan kwana uku sai ya zubar da ruwa ya sake sabo. Kwata ta yi kore, ƙarni ya hana mu cin tuwo a waje. Ruwan da ake cewa a yi tattalinsa wajen alwala, ga shi yana bin lungu yini guda.

Na ƙara wa guga igiya. Na sake ƙarawa. Wata safiya ya fito da laka zalla. Matan nan da na shayar shekara talatin suka koma layin famfon da Alhaji Sada ya fito da shi jikin katanga, ko leƙe babu.

Na aika aka kira Sagir mai yasar rijiya. Ya sauka, ya daɗe, sannan na ji muryarsa daga ƙasa.

"Gwaggo, ko gaba biyar na ƙara ba ruwa! Masu bohol sun zuƙe shi ta ƙarƙashinki."

"To mi kake yi har yanzu, aure ka samu a can?"

"Amaryar ce ke gudu. Zuro bokiti!"

Ya fito da tarwaɗar. Baƙa, kai ƙato, jiki duk ya zube, gashin bakinta ya yi kaca-kaca da laka. Sai buɗe baki take yi. Na juye ta a roba, na yafa mayafi, na ɗauka sai gidan Alhaji Sada. Na ishe shi tsaye bakin kwami, Zuwaira tana gefe. Bayan mun gaisa na ce ajiyar Malam ce na kawo, ya taimaka ya saka ta cikin nasa.

"Haba Gwaggo! Wannan tsohuwar? Ta cinye mini ƙanana, ko ta sa musu ciwo. Ni ma rufewa zan yi. Abincinsu kullum sai ya tashi, mu bakwai mun kwashe lokaci ɗaya, masu saye sai abin da suka ga dama. Bohol ɗin ma iska ya fara hurowa." Ya yarfe hannu. "Wanda dai ya ce wa mutane kifi ne ya kai ni Umra, ban yafe ba."

Zuwaira ta ɗago ta dube ni.

Na ce, "Mutane ba tsoron Allah, Alhaji." Na ɗauki robata.

A randa na saka ta, ina sayen ruwan garuwa saboda ita, ina marmasa mata tuwo. Ba ta ci ba. Rana ta uku da hantsi na ishe ta ciki sama. Ban iya dafawa ba. Na tona gindin zogale na binne ta, na sa Sagir ya rufe bakin rijiya da kwanon rufi, ya danne da dutse.

Tabarmata tana nan inda take. An ce tela ya zuba kaji a busasshen kwaminsa, wai matarsa ta yi yaji. A bakin mai garuwa na ji, kuma ya ce ai an yi mako da maganar, har Ramlar ta dawo ɗakinta.