Tsarabar Tekun Arewa

Malam Badamasi bai taɓa sanin ana son sa a Kadawa ba sai da zai yi tafiya. Shekara talatin da biyar ya yi yana buɗe ƙofofin ruwan noman rani yana rufewa, mai rabon ruwa kuwa ba ya tara masoya. Da ya yi ritaya sai ya ƙara wa kansa wani laifin. Wani kamfani ya zo yana son haɗe gonakin layinsu ya yi katafaren filin tumatir, manoma goma sha ɗaya suka yarda, shi na goma sha biyu, mai eka biyu a tsakiya, ya ce a'a. A bakin gonar akwai itatuwan gwaba bakwai da matarsa Hajara ta dasa da hannunta. Shekara uku ke nan da rasuwarta, kuma a ƙarƙashinsu yake karatunsa kullum bayan la'asar. Kamfanin ya ce injin baje ƙasa ba ya kewaye bishiya. Malam ya ce to injin ya koyi ladabi.

A cikin watan Afrilu, bayan an gama yankan alkama, ɗansa ɗaya tilo Abdulrauf ya bugo waya daga Jamus inda yake aiki. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, Injiniya yake ce masa.

"Baba, na kama mana ɗaki a wani ƙaramin jirgin ruwa. Kwana goma sha biyu. Amsterdam, Hamburg, Kopenhagen. Har ta mashigin Kiel za mu bi, ka ga ƙofofin ruwan nan da ka ishe mu da labarinsu."

Yaron ya san inda zai taɓa. Tun Malam yana saurayi mai auna ruwa, wani injiniya ɗan Holan da Malam ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya bar masa littafin taswira, shi kuwa ya haddace garuruwan bakin tekun nan kamar unguwannin Kura. Hajara takan tsokane shi, ta ce, "Malam, kai da ko dam ɗin Tiga sai an riƙe maka hannu? To in ka je ka ɗebo min ruwan tekun a kwalba, in ɗanɗana in ji ko da gaske gishiri ne, ko ƙaryar 'yan boko ce."

Iliyasu, ƙanin Hajara, shi ya fara zuwa taya murna. Akwai wasa tsakaninsu irin na miji da ƙanin mata, shi kaɗai ne a garin yake iya yi wa Malam dariya a gabansa.

"Yaya Malam, kifayen Turai sun yi sa'a, za su ci nama mai ilmi."

"In sun ci naka kuwa sai an kai su asibiti."

"Allah Ya kiyaye dai. Amma ka san tafiyar teku ba zuwa kasuwar Bunkure ba ce. Mutanen da, in za su ƙetare ruwa, ba sa barin al'amuransu a sake."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran Malam ne ya ƙarasa da kansa, don babu mai saurin faɗawa rami kamar wanda ya karanta littafin ramin. Ya tuna yadda mahaifinsa ya yi da zai tafi Makka: ya bi gida gida neman gafara, ya bar wasiyya, ya naɗa wakili a gaban shaidu. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Malam ya miƙe a gaban liman da mai unguwa Dattijo da duk maƙwabtan gonarsa, ya riƙe hannun Iliyasu, ya ce, "Ku shaida. Daga yau har in dawo, gidana da gonata suna hannun wannan. Abin da ya yi, ni na yi." Har ya ja musu baƙi daga littafin fiƙihu a kan sharuɗɗan wakilci, don kada wani ya ce ba a yi daidai ba. Mutane suka yi ta kabbara. Maikuɗi, wanda gonarsa ke gabas da tasa, wanda rabon da ya gaishe shi tun zancen kamfani, ya rungume shi yana cewa Allah Ya kai lafiya. Motoci uku suka raka shi filin jirgi a Kano. A hanya Malam ya ji kunyar irin zaton da ya daɗe yana yi wa mutane.

Jirgin ruwan ƙarami ne, fasinja ba su kai ɗari ba, kusan dukansu tsofaffi masu furfura da sanduna. Malam ya lura cewa a nan ma an fi kai tsoho yawo in an gama da shi, amma ya yi dariya ya bar zancen. A Amsterdam ya tsaya a kan gada yana kallon gari zaune ƙasa da teku, ruwa yana bin inda aka ce ya bi, babu wanda ya zo da fartanya ya fasa kwalbati don gonarsa ta riga ta wani sha. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi, ya ce wa Injiniya azumin mutanen nan sai jarumi. A wani ƙaramin tsibiri da suka yada zango, ya sauka har bakin ruwa, ya naɗe ƙafar wando, ya cika kwalbar roba. Ya karanta cewa tekun da ke gaba, bayan mashigin Kiel, gishirinsa salam ne, shi kuwa Hajara na gaske ta nema. Niyyarsa in ya koma ya zauna a gindin gwabarta ya ɗanɗana, ya ce mata 'yan boko sun yi gaskiya sau ɗaya.

Kwana na shida, da hantsi, jirgi ya shiga tsakanin ƙofofin mashigin Kiel. Malam yana tsaye a sama, riƙe da ƙarfen gefe, yana kallon ƙofar baya, mai girman ginin bene, tana rufuwa a hankali ba ƙara. Abin da ya jira shekara hamsin ke nan. Sai waya ta yi motsi a aljihunsa. Zauren WhatsApp ne na ƙungiyar masu shan ruwan layinsu, wanda ba ya cewa komai a cikinsa, har an manta yana nan. Maikuɗi ne ya saka bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Alhamdulillahi, aiki ya kankama."

Injin baje ƙasa ne, rawaya, yana tafe yana shafe kunyoyi. Malam ya gane kwalbatin da ya gina da hannunsa. Ya gane gwaba ta huɗu, mai reshen da ya karkata, wadda yake rataye hularsa a jiki. Ukun farko sun riga sun kwanta, saiwoyinsu a sama. A gefe ga Iliyasu da sabuwar hula yana nuna wa direba hanya. Kafin minti biyu aka goge bidiyon.

Abdulrauf ya iso da kofin shayi biyu. Malam ya dube shi.

"Injiniya, wa ya zaɓi ranakun tafiyar nan?"

"Kamfanin jirgin ne, Baba, lokacin..."

"Wane kamfanin? Na ruwa ko na tumatir?"

Yaron ya ajiye kofunan a kan benci. Bai yi musu ba, wannan kam tarbiyyar uwarsa ce.

"Baba, mutum goma sha ɗaya ka tsare wa hanya. Kullum sai an kira ni. Kawu Iliyasu ya ce har an fara cewa ba za a zo maka jana'iza ba. Haya ce fa, ba sayarwa ba, shekara goma kawai. Kuma wallahi tafiyar nan na daɗe ina son in kawo ka."

"Shekara goma kawai. Ni ina da saba'in da ɗaya. Kai ne injiniya, yi lissafin."

"Itatuwa ne, Baba. Za a dasa wasu."

"Wa zai dasa? Ita?"

Abdulrauf ya sunkuyar da kai. Ƙofar gaba ta buɗe, tsofaffin Turawa suka yi tafi, jirgi ya wuce. Malam bai ga buɗewarta ba. Sauran kwana shidan ya yi su a ɗaki, da littafin taswirarsa a rufe. Da aka iso Kopenhagen ɗan ya ƙwanƙwasa ya ce a fito a ga gari, ya amsa masa ta bayan ƙofa cewa ya gode, ya ga abin da aka kawo shi ya gani.

Mota ɗaya ce ta tarye shi a Kano. Washegari da safe ya tafi gona, bai same ta ba. Fili ne shimfiɗe tun daga babbar magudana har titi, an kafa turaku masu jan ƙyalle. Ya yi ta auna taku daga bakin ruwa yana neman inda itatuwan suke, ƙasa ta ƙi gaya masa.

Ya je wurin mai unguwa Dattijo. Dattijo ya yi masa barka da sauka, ya tambayi sanyin Turai, sannan ya ce, "Malam, ai kai ka koya mana. Abin da ya yi, kai ka yi. Har littafi ka ja mana." Liman ya ce zancen wakilci kam Malam ya fi shi sani. Gaskiya ne, ya fi shi. Ya kwana biyu yana juya babin yana neman ƙofa, ya tarar shi da kansa ya toshe kowace.

Ranar Juma'a da la'asar suka zo gaisuwa a zaurensa, su wajen goma, Iliyasu a gaba, yana dariyar da ta fi bakinsa faɗi.

"Yaya Malam, kifaye sun ƙi ka ke nan! To ina tsarabarmu? Ko Turawa ba su da dabino?"

"Akwai tsaraba," in ji Malam. "Amma ta mutum ɗaya ce."

Ya shiga ciki ya fito da kwalbar da kofin silba, irin wanda ake ba baƙi ruwan Zamzam a ciki. Ya cika shi fal.

"Yayarka ta ce in na je teku in ɗebo mata ta ɗanɗana. Na yi niyyar in kai mata gindin gwabarta, na je ban sami wurin ba. To ga shaidu nan, su ne dai na ranar nan. Kai ne wakili. Sha mata."

Iliyasu ya dubi Dattijo, Dattijo ya dubi tabarma. Ba a mayar da tsarabar matafiyi, balle a gaban mutane. Iliyasu ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tumatirin da ya kwana uku a kwando.

"Duka," in ji Malam.

Ya shanye, idanunsa suna ruwa, yana tari.

"Yaya ka ji?"

"Gishiri ne, Yaya Malam."

"To ka gaya mata in kun haɗu. Ni ban san inda zan same ta ba yanzu." Ya karɓi kofinsa ya kife. "Ku shaida, na sauke shi daga wakilci. Ku tashi, lokacin karatuna ya yi."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma. Malam ya ɗauki littafinsa da hularsa, ya fito ƙofar gida, ya juya wajen gona kamar kullum. Ya yi taku uku ya tsaya.