Bangon Ɗakin Inna

Tun da ruwan bara ya shiga unguwar Zongo ya kwana a ɗakunan mutane, bangon ɗakin Inna ya tsage daga sama har ƙasa. Ofishin magajin gari ya yi shela zai gyara gidajen da ambaliya ta taɓa. Sun zo kuwa, ba za a yi musu ƙarya ba. Magina suka shafa siminti kamar mai shafa bota a burodi, suka bi da fenti shuɗi, aka ɗauki hoto, aka kama gaba. Kafin azumi tsagar ta dawo, har ta fi ta da. Asiyatu kan zura hannu ciki ta ji iskar lungu.

A gindin bangon nan gadon mahaifiyarta yake, tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, ko juyawa ba ta yi sai an juya ta. Ɗakin kuwa ƙarami ne, babu wani gefen da gado zai shiga. Asiyatu ta sha barin rumfar atamfarta a kasuwar Adawlato tana zarya ofishin, har masu gadi suka san mayafanta ɗaya bayan ɗaya. Kullum oga ya fita. Ga damina ta sake kunno kai.

Sai Rachid, ɗan unguwa da ke aiki a ofishin, ya kawo labari: an turo wata mata daga sama ta duba yadda aikin gyaran gidaje ya tafi, kuma gidansu na cikin waɗanda za ta shiga. Asiyatu ta yi hamdala. Yau dai wani zai gani da idonsa.

Ranar zuwan, ta je sayo wa Inna magani. Da ta dawo ta tarar an share tsakar gida fes, turaren wuta na tashi, shinkafa na kan murhu. A ɗakin Inna kuwa, babbar dardumar da yayanta Alhaji Sharifuddeen ya kawo daga Makka ce rataye a bango, ta rufe tsagar ruf.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Baƙi za mu yi," in ji Alhaji, yana gyara hula.

"Baƙin aure ne? Tsagar fa suka zo gani!"

"Ke, rage murya. Tun ubanmu na da rai baƙo bai taɓa shiga gidan nan ya ga tsiraicinmu ba, ba a kaina za a fara ba. In sun ci sun sha, zan ja Rachid gefe mu yi magana cikin mutunci."

Mutunci! Da mutuncin nan aka yi wa maginan godiya bara, har aka bi su da goro.

Madam Afiwa, mai binciken, ta iso da Rachid da ogansa, wanda yau dai Allah ya yi bai fita ba. Aka kai su ɗakin. Madam ta yaba darduma, ta durƙusa ta tambayi Inna da Faransanci yadda take jin ɗakin tun bayan gyara. Rachid ya juya mata da Hausa.

"Alhamdulillahi, mun gode Allah," in ji Inna. Me kuma tsohuwa za ta ce wa baƙo?

Rachid ya mayar wa Madam cewa Inna ta gamsu da aikin ƙwarai da gaske. Asiyatu ba ta yi boko ba, amma Faransancin kasuwa ya ishe ta ta gane.

"Rachid, ka ji tsoron Allah! A gabana aka yanke maka cibi!"

Ta ratsa su, ta kama gefen dardumar ta fizge. Ƙusoshi suka tashi, ɓarɓashin siminti ya zubo kan bargon Inna. Hasken lungu ya shigo ta tsagar. Alhaji ya juya ya fita. Madam Afiwa ta ɗauki hoto, ta dubi ogan ta faɗa masa maganganun da ba sa bukatar tafinta. Zuciyar Asiyatu ta yi sanyi, rabon da ta ji haka har ta manta.

Washegari da hantsi sai ga motar ofishin. Ba a taɓa ganin sun yi sauri irin wannan ba. Babu magini, babu buhun siminti. Rachid ne da wani mutum mai gwangwanin jan fenti, wanda ya zana gicciye a ƙofar ɗakin. Rachid, idonsa a ƙasa, ya ce an yanke ɗakin yana da haɗari, ba mai sake kwana ciki.

"To gyaran fa?"

"Sai layi ya zo kansa, Yaya Asiyatu. Amma an sanar da Madam mun ɗauki mataki nan take. Ta yaba."

"Ta yaba? Ku kuka ɓata bango, uwata za ku kora, sannan a yaba muku? Allah ya isa!"

Suka garƙama kwaɗo suka tafi. Gidan kuwa cike yake, kowane ɗaki da iyalinsa. Aka ɗauko Inna a tabarma aka shimfiɗe ta a zaure, inda duk mai shiga da fita zai ratsa ta gefenta. Tsohuwar da ta shekara arba'in a kulle, ko zauren ba ta leƙawa.

Asiyatu ta durƙusa tana gyara mata matashi. Inna ta daɗe tana kallon ƙofar titi, sannan ta juyo da ido.

"A ɗakin nan na haife ku duka," ta ce, bakinta a karkace. "Me na yi miki, Asiyatu?"