Idon Baiwar Allah

"Goge shi," in ji Malam Ɗangiwa daga kan tabarma. "Reshe ka ɗauko, tsuntsuwar ta tahi."

Tambaya tela ya goge hoton, ransa a ɓace. Wata biyu ke nan tun da hannun maƙwabcin nasa ya soma rawa. Tsohon da ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a Kebbe ya rataya masa kyamara, ya ce ya ɗauko masa baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ba ta iya zama wuri ɗaya. Sharaɗinsa ɗaya ne: idonta ya fito tar. Kuma ba a watsa mata gero, don a cewarsa wannan cin hanci ne.

Kullum da hantsi Tambaya kan rufe shago ya kwanta cikin ciyawa a bakin fadama, mutane na dariya. Ba dariyar ke damunsa ba. So yake ya ji "ya yi" sau ɗaya daga bakin tsohon nan kafin ya cika.

Ranar Laraba Maimuna, 'yar Malam, ta kira mota a kai mahaifinta asibitin Tambuwal.

"Ba inda za ni," in ji shi. "Aikin da na ba mutum bai ƙare ba."

Tambaya ya shigo, gwiwarsa duk laka, ya miƙa kyamarar. Malam ya kawo ta dab da hancinsa, ya daɗe.

"Goge shi."

"Mi ad da shi?"

"Na ce ka goge."

"Wallahi ba ni gogewa, Malam! Ga ido nan kamar ka taɓa. Kai ne ba ka gani."

Maimuna ta riƙe baki. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kwana goma ke nan ban ga komi ba sai hazo," ya ce. "Jira nika yi in ji ranar da za ka hana ni."

Bai kai la'asar ba.

Bayan an yi masa wanka, ruwan ya gangaro ya kwanta a gindin zogale. Maza na ta kiran Tambaya ya zo a ɗauki makara. Shi kuwa yana tsaye da kyamarar a wuya, hawaye na zuba, ya kasa ɗaga ta. Baiwar Allah guda biyu sun sauka bakin ruwan, suna sha suna ɗaga kai.