Aikin Mubina a Komoros

Shekara biyu Mubina ta yi tana aiki a tsibirin Komoros kafin ta zo hutu gida, a unguwar Kilomita Biyar. Mahaifinta, Alhaji Jalaluddeen mai shagon atamfa, bai taɓa ganin teku ba.

Ran Juma'a da hantsi suna shan shayi a tsakar gida, sai ya ce, "Wai ni, me kike yi ne a can?"

"Baba, kunkurun teku muke karewa. Ruwa yana ta cin gaɓa, yana wanke ramukan da suke sa ƙwai. Mu da matan ƙauyen muke kwashe ƙwan mu mayar tudu."

"Duk karatun nan naki, kunkuru?"

Ta buɗe wani bidiyo ta miƙa masa wayarta. 'Ya'yan kunkuru ne, ba su kai tafin hannu ba, suna fitowa daga rairayi suna rige-rigen shiga ruwa. Sau uku ya kalla, sannan ya nuna wani da aka bari a baya.

"Wancan na bayan, ya isa kuwa?"

"Ya isa, Baba."

"Alhamdulillahi." Ya ɗauki hularsa. "Ara mini wayar. In an sauko daga masallacin Koudoukou zan nuna wa abokaina su Illiyasu."